Yadda ake zaɓar babbar amfilifaya da za ta dace da hedifon ɗinka

Yawancin masu neman amfilifayar hedifon da farashi suke fara tambaya, sannan sunan kamfani, sannan kyan akwati. Shawarata ita ce ka ajiye duk wannan tukuna, ka ɗauko hedifon ɗin da kake da shi ko wanda ka ƙudurta saye, domin shi ne zai faɗa maka irin amfilifayar da yake so. Akwai amfilifaya mai tsadar gaske da za ta dagula sautin wani hedifon, akwai kuma mai sauƙin kuɗi da za ta tuƙa shi yadda ya kamata. Abin da ke haɗa su lissafi ne, kuma lissafin bai fi ƙarfin wanda ya iya latsa kalkuleta a waya ba.

Aikin amfilifaya shi ne ta karɓi raunanan sigina daga DAC, wato na'urar da ke mayar da fayil ɗin kiɗa ya zama wutar lantarki mai kaɗawa, ta ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa tantanin da ke cikin kofin hedifon, ba tare da ta ƙara masa ƙazanta ba. Duk wata gardamar kwalba da taransista, wato irin kayan da aka ƙera cikin amfilifayar da su, bayan wannan take zuwa.

Mataki na farko: nemo lambobi biyu na hedifon ɗinka

Duba kwalinsa ko shafin kamfanin. Lamba ta farko ita ce turjiya, ana rubuta ta da ohm. Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997, da ƙaninsa HD 650 na 2003, kowannensu ohm 300 ne. Focal Utopia ohm 80 ne. HiFiMan HE-6 ohm 50. Beyerdynamic kuwa tana yin DT 880 iri uku: mai ohm 32, mai 250, da mai 600, don haka idan shi ne naka, ka duba jikin fulogi ko kwali ka tabbatar da wanda ke hannunka.

Don gane ma'anar turjiya, ɗauki tankin ruwa da bututu. Tsayin da aka ɗora tankin shi ne bolt, wato ƙarfin turi. Yawan ruwan da ke wucewa shi ne kwararar wuta, wadda ake aunawa da mA. Hedifon mai ohm 300 ko 600 siririn bututu ne, yana son turi mai ƙarfi amma ba ya shan wuta da yawa. Mai ohm 20 ko 50 faffaɗan bututu ne, turi kaɗan ya ishe shi, amma yana zuƙar wuta sosai. Shi ya sa amfilifayar da ta ƙware a ɗaya za ta iya gazawa a ɗayan.

Lamba ta biyu ita ce kaifin amsawa: idan aka ba hedifon wuta kaza, ƙara nawa zai yi. Ita ce mutane suka fi mantawa, alhali ta fi turjiya muhimmanci wajen sanin ko hedifon mai wuyar tuƙi ne. A nan sai ka buɗe ido, domin kamfanoni ba sa rubuta ta iri ɗaya. Wasu suna rubuta desibel (dB, ma'aunin ƙara) a kan miliwat ɗaya, wasu a kan bolt ɗaya. Sennheiser ta rubuta HD 650 a matsayin 103 dB a bolt ɗaya. Beyerdynamic ta rubuta DT 880 a matsayin 96 dB a miliwat ɗaya. HE-6 na asali 83.5 dB ne a miliwat ɗaya. Idan kana son mayar da lambar miliwat ta koma ta bolt, ƙara mata 15 idan hedifon ɗin ohm 32 ne, ƙara 13 idan 50 ne, ƙara 5 idan 300 ne, ƙara 2 idan 600 ne. Wanda ya kwatanta lambobin biyu ba tare da wannan gyara ba, zai yanke hukunci a kan kuskure.

Mataki na biyu: lissafa wutar da yake buƙata

Ana ɗaukar 110 dB a matsayin ƙololuwar da amfilifaya ya kamata ta iya kaiwa. Ba wai za ka zauna kana sauraro a wannan ƙarar ba, Allah ya kiyaye. Kiɗa mai kyau ba ya tafiya a layi ɗaya: bugun ganga ko tashin ƙaho yakan yi sama da matsakaicin sautin da desibel 15 zuwa 20 na ɗan ƙiftawar ido. Idan amfilifaya ba ta da sararin wannan tashin, sai ta datse kansa, ka ji sautin ya yi kaushi daidai wurin da ya kamata ya fi daɗi.

Ƙa'ida biyu za ka riƙe. Duk ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka miliwat sau biyu, duk ƙarin 10 kuma ninki goma. Ta ɓangaren bolt, duk ƙarin desibel 6 ninki biyu ne.

Mu gwada da HD 650. Bolt ɗaya yana ba shi 103, saura 7 ya kai 110. Ninka bolt sau biyu ya ba mu 109, ƙara kaɗan ya cika, wato kimanin bolt 2.2. A kan ohm 300, wannan miliwat 17 ne kacal, kwararar wuta kuma ba ta kai 8 mA ba. Ka ga HD 650, duk da sunan da ya yi na wuyar tuƙi, ba ya buƙatar ƙatuwar amfilifaya. Abin da ke hana waya tuƙa shi da kyau shi ne yawancin wayoyi da ƙananan mahaɗan USB-C ba sa wuce bolt ɗaya.

Yanzu HE-6. Daga 83.5 zuwa 110 akwai 26.5. Ashirin na farko ninki ɗari ne, sauran 6.5 ninki huɗu da rabi, jimla kimanin miliwat 450. Don samun bolt, mayar da shi wat, 0.45, ninka da ohm 50, ka samu 22.5, sai ka latsa alamar √ a kalkuleta: bolt 4.7. Raba wannan da 50, ka samu kusan 95 mA. Wato hedifon mai ohm 50 ya nemi ninki biyu na turin da mai ohm 300 ya nema, da fiye da ninki goma na kwarara. HiFiMan Susvara, mai ohm 60 da 83 dB, yana neman kimanin rabin wat da bolt 5.5. Irin waɗannan su ne ainihin dalilin da ake ƙera amfilifaya masu wat biyar ko shida.

DT 880 mai ohm 600 yana neman miliwat 25 kawai, amma sai an tura shi da kusan bolt 4. Ƙananan na cusawa cikin kunne kuwa, irin Campfire Andromeda na farko mai ohm 12.8 da 115 dB a miliwat, ko miliwat ɗaya ba ya buƙata.

Da lambarka a hannu, buɗe takardar amfilifaya ka nemi ƙarfinta a daidai turjiyar hedifon ɗinka, ba babbar lambar da aka buga a tallar ba. Wat shida a ohm 32 ba wat shida ba ne a ohm 300. Idan kana amfani da manhajar daidaita sauti kana ƙara bes da desibel 6, to ninka bolt ɗin da ka lissafa sau biyu, miliwat sau huɗu. Fiye da wannan sarari, ƙarin ƙarfi ba ya ƙara komai sai kuɗin da ka biya.

Mataki na uku: turjiyar bakin amfilifaya

Wannan ita ce lambar da na fi so kowa ya fahimta, domin ita ce ke bayyana yawancin abin da masu sauraro ke kira jituwa tsakanin amfilifaya da hedifon.

Ita ma amfilifaya tana da tata turjiyar a bakin fitarta, kuma wutar da ta fito tana rabuwa ne tsakanin wannan turjiya da ta hedifon. Da a ce turjiyar hedifon tsayayyiya ce, da abin da za a yi asara ƙara ce kawai. Amma a hedifon mai naɗin waya da maganaɗisu, turjiyar tana hawa da sauka gwargwadon amon da ake bugawa. HD 650 ohm 300 ne a tsakiyar sauti, amma a wajen 100 Hz, inda bes yake, yana hawa kusan 500. Haɗa shi da amfilifaya mai ohm 120 a baki: a tsakiya yana samun 300 cikin 420 na wutar, kashi 71 cikin ɗari, a wurin bes kuma 500 cikin 620, kashi 81. Bambancin ya kai kimanin desibel ɗaya na ƙarin bes. Kaɗan ne, kunne yana jinsa a matsayin ɗumi da kauri, kuma mutane da yawa suna sonsa. Ba laifi ba ne, in dai ka san abin da kake saye.

Amma haɗa hedifon mai ohm 32 da wannan amfilifayar, sai ya samu kashi 21 cikin ɗari kawai na turin, ikon da take da shi na tsayar da tantanin bayan bugu ya ragu, bes ya yi sako-sako. Na cusawa cikin kunne masu ƙananan sifiku da yawa sun fi kowa shan wahala, domin turjiyarsu tana tsalle sosai, har ohm biyu ko uku a bakin amfilifaya yana sauya musu launin sauti.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ta ɗaya bisa takwas: turjiyar bakin amfilifaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Wani injiniya da ke rubutu da sunan NwAvGuy, wanda ya tsara amfilifayar Objective2 a 2011, shi ya ƙara yaɗa ta. Ga mai ohm 32, kada ta wuce 4. Ga mai 300, har 37 babu damuwa. Akwai tsohon mizani na IEC 61938 na 1996 da ya ba da shawarar ohm 120, amma masu ƙira na yanzu sun bar shi, yawancin amfilifayoyin taransista masu kyau suna ƙasa da ohm ɗaya. Hedifon masu shimfiɗaɗɗen tantani tsakanin maganaɗisu, irin na Audeze da HiFiMan, turjiyarsu kusan ba ta motsi, don haka launinsu ba ya sauyawa, sai dai su yi asarar ƙarfi.

Idan kamfani bai rubuta wannan lamba ba, ko kuma amfilifayar ta hannu ce, za ka iya aunawa da mitar masu gyaran rediyo. Kunna amo guda na 400 Hz, saita mita a AC, auna bakin fitar babu komai a jone, ka murɗa har ta nuna bolt 1.00. Kada ka sake taɓa maɓallin. Jona razisto mai ohm 33 ka sake aunawa. A ce ta nuna 0.97. Bambancin 0.03 ne, raba shi da 0.97, ninka da 33: kusan ohm ɗaya. Kada ka yi wannan gwajin a amfilifayar kwalba mai taransifoma a bakin fita, domin tura mata sigina babu kaya a jone yana iya lalata ta.

Mataki na huɗu: zaɓi irin ƙira

Sai yanzu za mu buɗe akwatin.

Amfilifayar taransista ita ce mai yi wa kowa aiki. A cikinta akwai hanyoyi biyu da masu ƙira suka rabu a kai. Ta farko ita ce a riƙa ɗebo kaɗan daga abin da ya fita ana kwatanta shi da abin da ya shiga, ana goge kuskuren nan take. Da wannan dabara ake danne jirkicewar sauti har ta koma ƙasa da abin da kunne zai ji. Fasahar THX AAA, wadda ke cikin Drop THX AAA 789 da Benchmark HPA4, ta ƙara wani sashe da ke gano kuskuren bakin fita ya soke shi. Topping A90 ma tana cikin masu bin tafarkin tsabta. Irin waɗannan ba su da launi nasu, abin da aka ba su shi suke mayarwa. Idan hedifon ɗinka yana da kaifi a sama, za ka ji kaifin ba ragi.

Hanya ta biyu ita ce ajin A, inda taransistocin bakin fita ke kunne da cikakkiyar wuta kullum, ko ana kiɗa ko ba a yi. Amfanin haka shi ne babu wurin da ɗaya zai miƙa wa ɗaya aiki a tsakiyar sigina, don haka babu ɗan karcen da wannan miƙawar ke jawowa. Pass Labs HPA-1 misali ce. Farashinta zafi ne da cin wuta: akwatin yana ɗumi ko da shiru ake. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne. Irin wannan amfilifaya sarari take so a sama da gefe, ba a cusa ta cikin kabad, ba a ɗora mata komai a kai.

Sai masu kwalba, irin kwalaben nan masu haske na tsohuwar rediyo. Kwalba tana son bolt mai yawa da kwarara kaɗan, don haka dole a san yadda za a haɗa ta da hedifon. Masu haɗawa kai tsaye babu taransifoma, waɗanda ake kira OTL, turjiyar bakinsu tana da yawa. Bottlehead Crack, wadda ake sayarwa a warwatse mutum ya harhaɗa da kansa, tana amfani da kwalbar 12AU7 da 6080, bakinta kuma kimanin ohm 120 ne. Ita da HD 600 ko HD 650 ko DT 880 mai ohm 600 haɗi ne da ya yi suna, kuma ka riga ka ga dalilin a lissafin da muka yi. Ita da Susvara ko Audeze LCD-X mai ohm 20 kuwa ɓarnar kuɗi ce, babu kwararar da za ta ba su.

Masu taransifoma a bakin fita, irin Woo Audio WA5 da ke aiki da kwalbar 300B, wadda Western Electric ta fito da ita a 1938, suna sauko da turjiyar, yawanci har da maɓallin zaɓen hedifon mai ƙaramar turjiya ko babba. Sun fi faɗin aiki, sun fi nauyi, sun fi tsada, domin taransifoma mai kyau ba ta da araha. Akwai kuma gauraye, irin Schiit Lyr, kwalba a gaba tana ƙara turi, taransista a baya yana ba da kwarara.

Gaskiyar kwalba ita ce tana ƙara wa sauti wani abu da ba ya cikin fayil, galibi amo mai ninki biyu na asalin, wanda kunne ke ji a matsayin zaƙi. Wanda yake so ya saya da saninsa. Amma mai aikin haɗa sauti a situdiyo, wanda dole ya ji ainihin abin da ya ɗauka, taransista mai tsabta ta fi masa. Kwalba kuma tana tsufa, sai an sauya ta, kuma cikin akwatinta akwai bolt ɗaruruwa da kan zauna a kafasita ko bayan an zare fulogi. Wanda ba sana'arsa ba ce kada ya kwance ta.

Hedifon irin na Stax, kamfanin Japan da ya fito da SR-1 a 1960, wani gida ne daban. Tantanin na yanzu yana aiki ne da tsayayyen caji na bolt 580, fuloginsu mai ƙafa biyar ne, kuma amfilifayarsu ta musamman ce. Ba sa shiga ta gama-gari, ta gama-gari ba ta shiga su. Ƙura da laima duk suna damunsu, don haka a lokacin hunturu sai an riƙa rufe su.

Mataki na biyar: ninki, shuu, da maɓallin ƙara

Ninki shi ne sau nawa amfilifaya ke ninka bolt ɗin da DAC ya ba ta. Yawancin DAC na tebur suna fitar da bolt 2 ta mashigar igiyar RCA, bolt 4 ta mashigar XLR. Idan HD 650 bolt 2.2 yake nema, ninki biyu ya wadatar har da rara. HE-6 zai so ninki biyu da rabi ko uku. Idan ninkin ya yi yawa, abu biyu ne ke faruwa. Na farko, ƙazantar cikin amfilifayar ma tana ninkuwa, ka ji shuu a kunne lokacin da kiɗa ya yi shiru, musamman a hedifon masu kaifin amsawa. Na biyu, za ka makale a farkon maɓallin ƙara, kuma a nan ne maɓallan murɗawa na gama-gari suke da aibi: kunnen hagu da na dama ba sa zuwa daidai, mawaƙin ya karkata gefe guda.

Don haka nemi amfilifaya mai zaɓin ninki, ka fara da mafi ƙanƙanta. Wurin da ya dace maɓallin ya zauna, idan ka ɗauke shi kamar fuskar agogo, tsakanin ƙarfe goma ne da ƙarfe biyu. Wani ɓangare na kuɗin manyan amfilifayoyi a nan yake tafiya. Benchmark HPA4, alal misali, ba ta amfani da maɓallin gogayya, tana da matakai 256 na rabin desibel da ƙananan makunnai ke sauyawa, kunnuwa biyun suna tafiya daidai tun daga ƙasa. Ga mai sauraro da dare a hankali, wannan ya fi masa ƙarin wat amfani nesa ba kusa ba.

Mataki na shida: baki mai waya uku ko mai huɗu

Jak na 6.35 mm da na 3.5 mm waya uku ne: hagu, dama, da ta komawa guda da suke rabawa. Bakin da ake kira balans, XLR mai ƙafa huɗu ko 4.4 mm, kowane kunne yana da wayoyinsa biyu, amfilifaya biyu suna tura shi daga ɓangarori biyu. Abin da hakan ke bayarwa shi ne ninki biyu na bolt, wanda a lissafi zai kai ninki huɗu na ƙarfi. Idan lissafinka ya nuna bakin waya uku ya isa, ba ka rasa komai ba. Idan Susvara ne, bakin balans za ka nufa.

HD 600, HD 650 da HD 800 kowane kofi da mashigarsa, sauya igiya kawai za ka yi. DT 880 igiyarsa a manne take ta gefe guda, sai an kwance an sake masa waya. Gargaɗi guda da ba a wasa da shi: kada ka taɓa amfani da mahaɗin da ke mayar da bakin balans na amfilifaya ya karɓi jak mai waya uku. Yana haɗe ƙafafu biyu da bai kamata su taɓa juna ba, kuma yana iya ƙona ta.

Mataki na bakwai: wutar gidanka

Kafin ka biya, nemi hoton bayan akwatin ko na cajarta. Wutar Najeriya da Ghana bolt 230 ce, ta Nijar 220, ta Amurka 120, ta Japan 100. Idan an rubuta 100–240V, babu matsala. Amma manyan amfilifayoyi da yawa suna da taransifomar wuta mai karɓar bolt guda, wasu da maɓallin sauyawa a baya. Wadda aka ƙera don Amurka, idan ta shiga soket ɗinmu kai tsaye, hayaƙi za ta yi. Ko dai ka yi odar ta 230, ko ka tanadi taransifomar ragewa mai isasshen ƙarfi.

Sa mata abin kariya daga tashin wuta. Kashe ta kafin a juya layi daga wutar gari zuwa janareta, kuma idan an ɗauke wuta, kashe makunninta kada ta dawo ta same ta a buɗe. Idan inbata kake amfani da ita, ta zama mai fitar da wuta sumul irin ta gari, domin masu arahar da ke fitar da wuta mai kusurwa suna sa taransifoma ƙugi da zafi. Idan ka ji ƙugi mai kauri a hedifon wanda ba ya tafiya, fara da jona kwamfuta da DAC da amfilifaya duk a soket guda. Idan bai daina ba, gwada zare cajar laftof ka ji. Idan kayan suna da XLR, yi amfani da shi tsakanin DAC da amfilifaya. Kada ka cire ƙafar ƙasa ta fulogi don kashe ƙugi, ita ce ke tsakaninka da shokin, kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa ta gidan.

Mataki na takwas: saurara, amma a kan adalci

Bayan lissafi ya tace maka biyu ko uku, sai kunne ya yi hukunci. Abin da ke ɓata wannan hukunci shi ne bambancin ƙara: duk wadda ta ɗan fi ƙara, ko da rabin desibel ne, ita kunne zai ce ta fi cika da haske. Don haka daidaita su da mita. Kunna amon 400 Hz, hedifon yana jone ta mahaɗi mai baki biyu amma ba a kanka ba, auna bolt a ta farko, ka saita ta biyu har lambobin su zo cikin kashi ɗaya cikin ɗari na juna. Idan da hali, ɗan'uwa ko aboki ya riƙa sauya maka fulogi ba ka gani.

Yi amfani da abin da kunnenka ya haddace. Murya guda babu kiɗa, kamar karatu ko waƙar baka, za ta nuna maka shuu da karkatar hagu da dama. Kalangu ko kotso zai nuna maka ko bugu yana tsayawa cak ko yana jan jela. Goge da algaita za su nuna maka kaushin sama. Wurin da kayan kiɗa suka taru da ƙarfi shi zai nuna ko amfilifayar tana datse kai. Idan bayan an daidaita ƙara ka kasa bambance su, ɗauki mai araha, ragowar kuɗin ka sa a hedifon, can ne bambanci ya fi yawa.

Ranar da ta iso, bi wannan tsari har ya zame maka jiki. Maɓallin ƙara a ƙasa, ninki a mafi ƙanƙanta. Kunna DAC, sannan amfilifaya. Idan ta kwalba ce, ba ta 'yan mintuna ta ɗumama, ka kuma bi abin da littafinta ya ce game da ko a jona hedifon kafin kunnawa ko bayanta. Sa hedifon a kai, ka ɗaga ƙara a hankali. Wajen kashewa, sauke ƙara, kashe amfilifaya, sannan DAC.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba awa 40 a mako a kan 80 dB, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu: 83 awa 20, 86 awa 10. Amfilifaya mai tsabta ba ta yin kaushin da zai gargaɗe ka cewa ka wuce gona da iri, don haka hannu yakan ci gaba da murɗawa. Idan ka samu matakin da kake jin komai a fili, sa ɗan tef a jikin akwatin daidai wurin, kada ka wuce shi. Idan ka cire hedifon ka ji kunnenka yana ƙara ko magana ta dushe, ka sauke alamar ƙasa.